Filin Mai Gyara: Ƙwan Ampili Ya Yi Tsada, Laifin Wa?

Wata da watanni wasiƙun da ke zuwa wannan fili ba sa wuce wayar salula da ta faɗa a randa ko batirin sola da ya ƙi riƙe wuta. Sai ga shi wannan karon biyar sun zo a jere, duk a kan abu ɗaya: ƙwan gilashin nan na tsofaffin rediyoyi da na ampili, na'urar ƙara sauti. Maigidana da ya koya mini aiki a Zongo, Allah ya jiƙansa, “lamp” yake ce masa irin na Faransanci. Ni ƙwai na saba cewa, da shi kuma zan amsa.

Malam, ina da ampili mai ƙwai EL84 guda huɗu da ECC83 guda biyu, da shi nake sauraron faifai bayan sallar isha'i. A 2019 na canza ƙwayayen huɗu ban ji a jikina ba. Bana na aika Kano, kuɗin da aka faɗa mini ya kusa ninka na da sau uku. Ƴan kasuwa ne ke cutarmu, ko me ya faru? — Malamin makaranta, unguwar Birni

Malam, ka sauke fushinka daga kan ɗan kasuwar Sabon Gari, shi ma sayowa ya yi. Tsadar daga nesa ta taso.

Tun da aka ƙirƙiro tiranzisto, ɗan ƙaramin abin da ya maye gurbin ƙwai a rediyo, a Amurka a 1947, ƙwai ya fara ja da baya. Manyan masana'antun Turai da Amurka, irin su Mullard a Ingila da Telefunken a Jamus da RCA a Amurka, suka yi ta rufe sashen ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kafin ƙarshen shekarun 1980 kusan duk sun daina. Abin da ya hana sana'ar mutuwa kwata-kwata shi ne makaɗan gita, waɗanda har gobe sun fi son muryar ƙwai. Su ne manyan masu saye, mu masu sauraron faifai a ɗaki raɓawa muka yi.

To, masu ƙera wa duniya irin ƙwan da ke cikin ampilinka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Akwai masana'antar garin Saratob da ke bakin kogin Bolga a Rasha, mallakar wani Ba'amurke ɗan Niyok, Mike Matthews, mai kamfanin Electro-Harmonix. In ka ga kwali an rubuta Sovtek, ko Tung-Sol, ko Gold Lion, ko ma sabon Mullard, duk daga tukunya ɗaya aka kwaso, suna ne kawai ya bambanta. Akwai JJ Electronic a ƙasar Sulobakiya. Akwai kuma Shuguang a birnin Cangsha na ƙasar Sin, wadda ita ce ta cika duniya da ƙwai mai araha.

Murhu mai duwatsu uku ke nan. A 2019, shekarar da ka yi sayenka cikin sauƙi, Shuguang ta dakatar da aiki. Dutse ɗaya ya fita. Korona ta biyo baya, jiragen ruwa suka yi tsada. Sai watan Maris na 2022, bayan yaƙin Yukiren ya ɓarke, Rasha ta hana fitar da kayayyaki sama da 200, ƙwai na ciki. Labari na fita mutane suka afka wa shagunan intanet, mai buƙatar huɗu ya sayi arba'in, cikin kwanaki aka share kantuna. Ba a daɗe ba aka sake barin ƙwan Rasha ya fita, amma Amurka ta ɗora masa haraji na kashi 35 cikin 100, JJ kuma ta kasa ɗaukar nauyin kowa, odar watanni ta taru mata. Yanzu wasu kamfanonin Sin irin su Psvane sun cike wani ɓangare na gurbin, kaya ya samu. Farashi dai ka san halinsa, in ya hau rimi ba ya son saukowa.

Wannan na duniya ne. Mu a Damagaram muna da namu ƙarin. Daga watan Agusta na 2023 iyakarmu da Najeriya ta yi watanni a rufe, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Kowane zagaye kuɗi ne, kuma ƙwai gilashi ne: in biyu cikin goma suka fashe a mota, takwas ɗin da suka tsira su za su biya kuɗin jana'izarsu.

Ga lissafin da nake yi kafin in yarda da farashi. Yuro ɗaya kusan faranka 656 ne, ba ya motsi. Sabon EL84 na JJ, a sayen da na yi na ƙarshe ta hannun wani yarona da ke karatu a Faransa, wajen yuro 20 ya kama, jika goma sha uku ke nan. Huɗu jika hamsin da biyu. Ka ɗora kuɗin aike da na duwan da ribar mai kawowa. In abin da aka faɗa maka bai yi nisa da wannan ba, ba a cuce ka ba. In kuma ya yi ƙasa sosai, to nan ne ya kamata gabanka ya faɗi.

Abu biyu. Ka nemi huɗun da aka auna aka haɗa, waɗanda ke jan wuta daidai da juna, domin a ampilinka biyu-biyu suke aiki kamar shanun huɗa. In ɗaya ya fi ɗaya ja, mai ƙarfin ne zai fara gajiya. Sannan ECC83 ɗinka ka bar su. Ƙananan nan ba sa shan wahala, sukan yi sa'o'i dubbai masu yawa, sau da dama su binne manyan zubi biyu ko uku. Kada kowa ya sa ka canza shida alhali huɗu ne suka tsufa. Ko huɗun ma, wa ya ce maka sun tsufa? Karanta amsa ta uku kafin ka aika kuɗi.

Ina da tsohon rediyon mahaifinmu, Grundig mai akwatin katako, mai koren ido a gaba. Tun rasuwarsa yana kan kabad, an lulluɓe shi da zane. Wani yaro mai sayen tsofaffin kaya ya taya jika goma. In sayar? Ko in sa a jona a gani ko yana yi? — Wata Hajiya, Garin Malam

Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kada ki sayar tukuna, kuma don Allah kada a jona.

Bari in faɗa miki abin da yaron yake nema. Ba katakon ba ne. Rediyoyin Jamus na wancan zamani, ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, yawanci jerin ƙwai iri ɗaya ne a cikinsu: ECC85, ECH81, EF89, EABC80, sai EL84 mai tura lasifika, sai koren idon nan da ke tsukewa in an kama tasha daidai. Ƙirar Telefunken ne ko Valvo ko Siemens, na lokacin da ake yin abu don ya daɗe. Masu sha'awar sauti a Turai da Japan suna biyan tsohon ƙwai mai lafiya fiye da sabo. Ba duka ne ke da daraja ba, gaskiya. ECH81 da EF89 ba mai rububinsu. Amma EL84 na asali da koren ido mai sauran haske, su kaɗai za su iya kai abin da aka taya miki rediyon gaba ɗaya.

Bara wani dattijo ya kawo mini irinsa a kan amalanke, jikansa na turawa. Na kwance murfin baya, ƙurar hunturu ta shekara talatin ta zubo mini a cinya, har da gidan zanzaro a jikin tiransifo. Na zare ƙwai ɗaya a hankali, ina jujjuya shi kaɗan-kaɗan, na ɗaga shi saitin ƙofa. Saman gilashin na ƙyalli kamar bayan madubi. Wannan baƙin azurfar shi ne shaidar cewa iska ba ta shiga ba. In ya koma fari kamar an shafa alli, ƙwai ya mutu, ko waye ya ƙera shi. Na juya gindinsa, tsakanin ƙafafu tara, ga ɗan tambarin nan mai kusurwa huɗu kamar dagi a cikin gilashin kansa. Telefunken na gaske ke nan. Rubutun jiki kowa na iya bugawa, ana ma bugawa, amma wannan tambari tun gilashi na narke ake yinsa. Dattijon ya ga na yi shiru ina murmushi, ya ce, “Malam, aljani ka gani?” Na ce a'a Baba, tsohon aboki.

Wani gargaɗi a nan: kada a goge ƙwai da jiƙaƙƙen tsumma. Rubutun asali kamar gari yake, shafa ɗaya ya tafi, rabin kuɗin ya bi shi.

Dalilin da ya sa na ce kada a jona: akwai kondansata a ciki, masu tara wuta, da suka bushe saboda daɗewa. In wuta ta afka musu gaba ɗaya sukan fashe, ko su ja tiransifo ya ƙone, shi kuwa ba a samunsa a kasuwar Dole. Kuma a bayan irin waɗannan akwai ɗan maɓallin zaɓen ƙarfin wuta, 110 ko 127 ko 220. Na sha ganin wanda yara suka murɗa zuwa 110, aka jona a wutarmu ta 220, hayaƙi ya tashi kafin a ce kwabo. Mai gyaran da ya san aiki zai fara tayar da shi ta cikin ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100: in fitilar ta haska ta dushe, lafiya, in ta tsaya da haske, akwai matsala, ita ta shanye wutar maimakon rediyon. Irin wannan fitila ma yanzu nema ake, farar nan mai tsimin wuta ta kore ta, ni guda uku na ɓoye a cikin gwangwanin madara.

Ra'ayina, tunda kin tambaya: akwatin da Baba ya ji sashen Hausa na BBC a cikinsa, wanda ya fara watsa shiri tun 1957, ya fi jika goma. In buƙata ta matsa, a sayar da shi a matsayin rediyo mai rai, ba a fasa shi kamar kabewa a kwashe ƴaƴan ba.

Baba, sau uku ke nan cikin shekara ɗaya ina canza EL34 a ampilin da na saya hannun wani masallaci. Kowane zubi wata uku ko huɗu, sai in ga ƙarfen cikin ɗaya ya yi ja kamar garwashi, sauti ya shaƙe. Jabu ake sayar mini? Ina zan sami na ƙwarai? — Matashi mai ɗinki, Mirriya

Ɗana, ko daga hannun mai masana'antar ka karɓo, wata huɗu zai yi. Akuya uku sun mutu a turke ɗaya, sai ka duba turken.

Wannan ce wasiƙar da ta fi damuna, domin kuɗin da ka zuba ya isa a gyara ampilin sau biyu. Babban ƙwai irin EL34, in an riƙe shi da kyau, yakan yi sa'o'i dubu biyu ko fiye. Mai sauraron awa biyu kullum, shekara biyu zuwa uku ke nan. Jan da kake gani na farantin ciki ne, yana nufin wutar da ke ratsa shi ta wuce ƙima. EL34 wat 25 aka yi farantinsa ya ɗauka, EL84 wat 12. Haske ɗan kaɗan a tsakiya, na zaren da ke ɗumama shi, wannan daidai ne. Amma faranti ya yi ja, kashe nan take.

Ka lura da abu ɗaya: a rami ɗaya yake yin jan kullum? In haka ne, na kusa rantsewa ƙaramar kondansatar da ke tsakanin ƙaramin ƙwai da babba ce ke yoyo. Aikinta ta bar sauti ya wuce ta tare wuta. In ta tsufa sai wutar ta riƙa silalowa, ta buɗe wa babban ƙwan ƙofa har ƙarshe, ya yi ta ja sai ya ƙone. Kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Ita ke cinye maka ƙwai na jika ashirin. In ba ita ba ce, to awon da ke kayyade abin da ƙwai zai ja yana zaune, wanda masu gyara ke saitawa duk lokacin da aka sa sabo, shi ne ya kauce, ko ƙafafun ramin sun saki.

Sai wutar gari. Zaren ƙwai bolt 6.3 yake so. Ampilin da aka yi don 220, in wuta ta haura 250, zaren zai sha sama da bolt 7, babbar wutar ciki ma ta hau tare. Ka san yadda take yi mana: ta tafi, ta dawo da ƙarfi, ta sake tafiya cikin minti ɗaya. Dawowar nan a kan ƙwai mai zafi ita ce mugunta. In an ɗauke wuta, tashi ka kashe maɓalli, ka ba shi ƴan mintoci bayan ta dawo. Ka sayi regilata, na'urar daidaita wuta, mai kyau. Kuɗin ƙwai biyu ne, zai cece maka goma. Ƙaramin gurup kuwa, wato janareto, mai hawa da sauka duk lokacin da injin ɗinkinka ya tashi, kada ka haɗa su layi ɗaya.

Zafi ma na nan. A watan Afrilu da Mayu inuwa kanta ta haura digiri 40, kai kuma wataƙila ka cusa shi cikin kabad, ko ka rufe shi da ƙyalle saboda ƙura. Rufe shi in yana kashe, buɗe shi in yana aiki, ka bar masa sarari taƙi guda a sama. Kuma kada ka taɓa kunna shi ba lasifika a jone. Na tiranzisto ya yafe wannan, na ƙwai ba ya yafewa, tiransifon fita ne zai tafi, wanda ya fi duk ƙwayayen tsada.

Na san matasan yanzu, za ka kalli bidiyo a waya ka ɗauko sukurdireba. Ina ɗan shekara goma sha bakwai na sa hannu cikin ampilin wani gidan biki, a kashe yake, an ma zare igiyarsa. Na farka ne a jingine da bangon shago, bakina na ɗanɗanon ƙarfe, maigidana na tsaye a kaina yana salati. Akwai bolt 400 zuwa sama a cikin irin naka, kondansata na riƙe da ita bayan an kashe. Tabon na nan a babban yatsana. Cire ƙwai da mayarwa, bayan ya huce, wannan naka ne. Abin da ke ƙarƙashin ƙarfen, bar wa mai abin awo.

Na ga ƙwayayen zamanin Tarayyar Sobiyet a intanet da araha. An ce 6P14P daidai yake da EL84, 6N2P kuma daidai da ECC83. Gaskiya ne? — Ɗalibi, jami'ar Damagaram

Rabi gaskiya. 6P14P zare ka sa ne, yana zama a ramin EL84 ba gyara. In ka sami mai EV a ƙarshe, wanda aka yi don ya daɗe, ka yi sa'a, ya fi sababbi da yawa jure wahala irin tamu. A jikinsa da harafin Rasha aka rubuta, P ɗinsu kamar ƙofar zaure yake, kada ka ɗauka an aiko maka wani abu dabam.

6N2P kuwa ƙarfinsa ya yi kusa da na ECC83, amma wayoyin zarensa ba a ƙafa ɗaya suke ba. A ECC83 ƙafa ta tara tsakiyar zare ce, a 6N2P ba haka ba. Ka sa shi, a mafi yawan ampili ko ɗumi ba zai yi ba, sai an sauya wayoyin ramin. Aikin minti ashirin ne ga mai dalma, amma daga ranar ramin ya zama na 6N2P, sai a rubuta a jiki don mai gyaran gaba. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko ya auna su, ya turo maka awon.

Wani abokina a Yamai ya ce in ba ampili mai 300B ba, duk sauran hayaniya ce. In tara kuɗi? — Ma'aikacin asibiti, Sabon Gari

Ƙanena, 300B ƙwai ne mai tarihi, kamfanin Western Electric ya fito da shi a 1938, ya yi aiki a gidajen silima da layukan tarho. Sun dawo da ƙera shi a jihar Jojiya ta Amurka, a 2023 biyu kusan dala 1,500 suke. Dalar Amurka fa, ba tamu ta faranka biyar ba. Na Sin da na JJ sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, duk da haka ba na mai albashi ba ne. Abin da zai ba ka kuma wat 8 ne a kowane gefe, sai ka nemo lasifika ta musamman mai jin ƙaramar wuta.

Na taɓa jin sa sau ɗaya, muryar mai waƙa kamar yana zaune a kan tabarmarka, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma wannan a ɗaki ne mai shiru. Naka ɗakin akwai fanka na kaɗawa, babura na wucewa, awakin maƙwabta na neman dusa. Ƙaramin ampili mai EL84 da lasifika mai kyau zai kai ka kusa da can, ƙwansa kuma in ya mutu ana samu a Kano, kilomita 240 ko kusa da haka, ba sai an jira mai zuwa daga Turai ba. In a kan sola kake, ka tuna irin wannan ƙaramin ma yana shan kusan wat 100 ko da ba a sa faifai ba, yawanci zafi yake zama.

Mai ɗinkin Mirriya, kawo naka in duba, tare da matattun ƙwayayen duka, kada ka zubar. Ina zargin biyu ko uku cikinsu da sauran ransu. Ban da ranar Alhamis, ranar kasuwa ce, shagon cike yake da mutanen ƙauye da rediyoyinsu na batir.